Amsoshin Takardunku: Ko Rushe Wurin Tarihi Laifin Yaƙi Ne?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani malamin makaranta a Ikara, jihar Kaduna. Yana cewa: Wai shin akwai kotun duniya da ke hukunta wanda ya rushe masallaci ko hubbare? In akwai, me ya hana a kai mata masu haƙar ganuwar Zariya?

To Malam, akwai, kuma an taɓa yi. A shekarar 2012, lokacin da 'yan Ansar Dine ke riƙe da Tumbuktu ta ƙasar Mali, shugaban hisbarsu, Ahmad al-Faqi al-Mahdi, ya jagoranci rushe hubbarori tara na waliyyai da malamai. Suka kuma ɓalle wata tsohuwar ƙofa ta masallacin Sidi Yahya, wadda mutanen garin ke cewa ba za a buɗe ta ba sai tashin duniya. Hukumomin Nijar ne suka miƙa shi ga Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke birnin Hague a watan Satumba na 2015. Da aka fara shari'a bai yi gardama ba, ya amsa laifinsa, ya roƙi mutanen Tumbuktu gafara. Ranar 27 ga Satumba, 2016 aka ɗaure shi shekara tara, daga baya aka rage masa biyu. A 2017 kotun ta ɗora masa diyyar Yuro miliyan 2.7, ko da yake mutumin ba shi da ko sisi, wani asusun kotun ne ya ɗauki nauyin. Abin lura, ba a tuhume shi da kisan kowa ba, gine-ginen kawai.

Amma fa akwai sharaɗi. Sashe na 8 na Yarjejeniyar Roma, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2001, yana magana ne a kan harin ganganci cikin halin yaƙi. Sannan kotun ba ta shiga sai in kotunan ƙasa sun gaza ko sun ƙi. Saboda haka mai ɗibar ƙasar ganuwa don ya yi tubali, ɓarna ya yi babu shakka, sai dai maganarsa ba ta zuwa Hague. Wannan aikin hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa ne da kotunanmu na gida. Da fatan Malam ya gamsu.