Sarauniyar Kwana Tara a Ƙagaggun Labaran Matasa

Ƙagaggen labarin tarihi na matasa reshe ne na adabi da ke ɗauko mutumin da ya taɓa rayuwa, ya gina labari a kansa domin masu karatu masu tasowa. A adabin Ingilishi, ɗaya daga cikin taurarin da marubuta ke yawan komawa gare su ita ce Jane Grey, yarinyar da ta hau gadon sarautar Ingila a 1553, aka tuɓe ta bayan kwana tara.

An haifi Jane wajen 1537. Tattaɓa-kunnen Sarki Henry na Bakwai ce ta wajen uwa, kuma ta tashi a kan aƙidar Furotesta. Tun tana ƙarama ta yi zurfi a karatun Latin da Girkanci. Malamin nan Roger Ascham ya ba da labarin yadda ya tarar da ita a gidansu na Bradgate tana karanta littafin Aflatun da Girkanci, alhali sauran mutanen gida sun fita farauta.

Jinin sarautar da ke jikinta shi ya jawo mata halaka. Da ciwon Sarki Edward na Shida ya tsananta, sai ya tsallake yayyensa mata, Mary da Elizabeth, ya yi wasiyyar a ba Jane gado, don kada mulki ya faɗa hannun Mary 'yar Katolika. A watan Mayun 1553 aka aurar da ita ga Guildford, wanda ragamar mulki ke hannun mahaifinsa John Dudley a lokacin. Edward ya rasu ranar 6 ga Yuli, aka yi shelar sarautar Jane ranar 10. Jama'a suka bi bayan Mary, majalisar sarki ta juya baya, ranar 19 ga wata sarautar Jane ta ƙare, Mary ta hau gado. Da farko Mary ta bar ta da rai a tsare a Hasumiyar Landan, amma shigar mahaifin Jane cikin tawayen Wyatt da aka yi wa Mary ta toshe ƙofar afuwa. Ranar 12 ga Fabrairun 1554 aka fille mata kai, ba ta cika shekara 18 ba.

Marubuta sun bi hanyoyi daban-daban da wannan tarihi. Ann Rinaldi, a littafinta *Nine Days a Queen* na 2005, ta bar Jane ta ba da labarin da bakinta. Cynthia Hand da Brodi Ashton da Jodi Meadows kuwa, a *My Lady Jane* na 2016, sun sauya tarihin da gangan, suka cusa sihiri da raha, suka kuɓutar da ita daga mutuwa.

Ƙarfin irin wannan labari yana cikin sanin ƙarshensa. Mai karatu ya san inda aka dosa, saboda haka hankalinsa na komawa kan yadda manya suka yi cacar mulki da rayuwar yarinya. Auren da aka ƙulla don siyasa, biyayya ga iyaye, da riƙon aƙida cikin tsanani, duk abubuwa ne da matashi ke iya auna kansa da su.

Babban haɗarin shi ne mayar da Jane abar tausayi kawai. Zanen Paul Delaroche na 1833, wanda ya nuna ta cikin fararen kaya, idanu a ɗaure, tana laluben gungumen da za ta ɗora wuya, ya kafa wannan siffa a zukatan mutane. Tarihi kuwa ya nuna yarinya mai ra'ayin kanta. Ta ƙi yarda a naɗa mijinta sarki, kuma da Mary ta aiko malamin coci John Feckenham ya janye ta zuwa Katolika, ta yi muhawara da shi, ta tsaya a kan aƙidarta har ƙarshe.

Haƙƙin marubuci ne ya cike giɓin da tarihi ya bari da hikima, ba tare da ya danne wannan hali nata ba. Haƙƙin malamai da iyaye kuma shi ne su koya wa matasa rarrabe abin da ya tabbata daga abin da aka ƙaga, domin sau da yawa irin waɗannan littattafai ne ƙofarsu ta farko zuwa ga ilimin tarihi.