Bashi Hanji Ne: Lacca Kan Tattalin Aljihu da Tanadin Gobe



Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Don haka ban zo in kunyata mai bashi ba. Tambayata ɗaya ce: bashin da ke kanka, me ka yi da shi?

Bashi iri biyu ne. Manomi ya ranci kuɗin taki da damina, da kaka ya kai masara kasuwar Tudun Hatsi ya sayar ya biya. Wannan bashi ya haifi abin biyan kansa. Wani kuma ya ranci kuɗi don kayan Sallah, ko lefen da ya fi ƙarfinsa, ko ragon suna don kada a raina shi. Biki ya watse, bashi ya zauna. Irin wannan ne ke cinye albashin ma'aikaci tun kafin ya shigo asusu.

Na san zamani ya yi tsauri. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, amma kowa ya san inda buhun shinkafa ya kai. Wannan tsanani shi ne ma dalilin da ya sa lissafi ya zama dole.

Abu na farko, a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Mu kuwa sai mu ce kunya, har zumunci ya lalace a gaban alƙali.

Na biyu, a cire tanadi ranar da kuɗi ya shigo, kada a jira abin da ya saura, domin ba ya saura. Iyayenmu mata sun gane wannan tun tuni, shi ya sa suke adashi. Sai dai a duba amanar uwar adashi, kuma a san me za a yi da kwasar kafin ta zo. Mai gudun kuɗin ruwa kuma yana da mafita: bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012, gwamnatin tarayya ta fara sayar da takardun zuba jari na sukuk a 2017.

Na uku, a guji ribar dare ɗaya. Tsarin zuba kuɗi na MMM ya rushe a Disambar 2016, na CBEX ya biyo sahu a Afrilun 2025, dukkansu da dukiyar jama'a. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na huɗu, a tuna da tsufa. Tun 2019 aka buɗe tsarin fansho ga masu sana'ar kansu, wanda ɗan Keke Napep da tela da mai shago za su iya zubawa kaɗan-kaɗan.

'Yan'uwa, kowa ya koma gida yau ya ɗauki biro da takarda, ya rubuta wanda yake binsa da wanda yake bi, ya zauna da iyalinsa su tsara yadda za a biya. Allah Ya rufa mana asiri.