Jirgi a Filin da Babu Hasumiya

 

A watan Nuwamban 1925 jiragen sojan Ingila uku suka sauka a Kano, kuma su ne na farko da suka taɓa ƙasar Najeriya. Babu hasumiyar da ta ba su izini, ido kawai suka dogara da shi. Yau Kano da Sakkwato suna da jami'an NAMA, hukumar kula da sararin samaniya, masu gaya wa matuƙi ya sauka ko ya dakata. Mu nan yammacin Zamfara, daga Anka zuwa Gummi da Bukkuyum, muna nan inda Kano take a wancan lokaci. Duk ranar da ƙaramin jirgi ko mai saukar ungulu zai zo ɗaukar majiyyaci, a fili zai sauka, ba mai yi masa jagora. Kuma wanda ya ga abin da gubar dalma ta yi wa Dareta da Bagega da Abare a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ya san buƙatar irin wannan jirgi ba tatsuniya ba ce.

To yaya matuƙi yake yi a irin wannan wuri? Sallama yake yi, kamar baƙon da ya iso ƙofar gida. Tun yana nesa da kamar mil 10 zai kama zangon rediyon da aka ware wa wurin, ya faɗi sunan filin, da lambar jirginsa, da inda yake, da tsayinsa, da abin da yake niyyar yi. In ya shiga kewayen sauka, wanda yawanci ƙafa 1,000 ne sama da ƙasa kuma ana juyawa hagu, sai ya sake faɗa. Haka in ya miƙe zai sauka, haka in ya bar titin. Ba wanda zai ce masa "an yarda". Magana ce ga duk mai kunne.

A nan ne nake so mu tsaya. Ranar 19 ga Nuwamban 1996, a filin jirgin garin Kwinsi da ke jihar Ilinoi a Amurka, jirgin fasinja na United Express yana shirin sauka, wani jirgi ƙirar King Air kuma yana bakin titin da ya gitta nasa. Matuƙiyar jirgin fasinjan ta tambaya ta rediyo ko King Air zai jira ta. King Air bai amsa ba. Wani ƙaramin jirgi na uku da ke bayansa ne ya ce zai jira, ita kuwa ta ɗauka wanda ta tambaya ne. King Air ya taso bai sanar ba, suka haɗu a mahaɗar titunan biyu. Mutum 14 suka mutu, ba wanda ya tsira. Rediyoyin nan lafiyarsu ƙalau. Ɗaya bai saurara ba, ɗaya ya amsa tambayar da ba shi aka yi wa ba. Shi ya sa nake gaya wa matasanmu masu burin shiga kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964: ku ambaci lambar jirginku a kowace magana, kuma kada shiru ya sa ku ɗauka fili babu kowa. Wani jirgin yana kan wani zangon daban, wani kuma tudu ya tare muryarsa, domin irin wannan rediyo ba ya ratsa dutse. Ga hazon hunturu, da kan ɓoye jirgi har sai ya zo gab da kai.

Mu a Zamfara shirun jirgi yana da wani nauyin ma. A watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a samaniyar jihar nan, ta kuma haramta haƙar ma'adinai, a lokacin da ake ta zargin wasu jirage suna shiga daji ba a san na wane ne ba. Matuƙin kirki ba shi da abin ɓoyewa, sai ya faɗi ko shi wane ne.

Roƙona ga shugabannin ƙananan hukumominmu da iyayenmu sarakuna shi ne: duk inda aka ware fili don saukar jirgi, a sa mutum guda mai horo, riƙe da rediyon hannu, wanda zai kore shanu da babura, ya hana yara matsowa, ya gaya wa matuƙi inda iska take kaɗawa. A nemi shawarar NAMA tun kafin a share filin.