Adireshin Na'ura: Jawabi Kan Damƙa Kayan Aiki Ga Baƙuwar Kwamfuta



Batun da muka zo da shi yau ƙarami ne a ido, amma sakaci da shi yakan tsayar da aikin ofis guda ɗungum. Kun dai san kwamfuta ɗaya tana iya ɗaukar wasu kwamfutoci na kwaikwayo a cikinta, kowace tana gudanar da harkarta kamar ita kaɗai ce. Ba sabuwar dabara ba ce, gama kamfanin IBM ya fito da tsarin VM/370 tun 1972. Ta ainihin ana kiranta mai masauki, na kwaikwayon kuwa baƙi.

Galibi baƙuwa kayan kwaikwayo take amfani da su. Amma wani aikin yakan yi nauyi, har ya zama tilas a ɗauki na'ura ta gaske, misali katin hoto ko katin sadarwa, a damƙa mata kacokan. To, yaya za a nuna na'urar da ake nufi? Sai da adireshi.

A tsarin PCI, wanda kamfanin Intel ya fito da shi a 1992, adireshi kashi huɗu ne, kamar yadda mai wasiƙa yake rubuta unguwa, da layi, da gida, da ɗaki. Ga misali: 0000:01:00.0. Unguwa guda tana ɗaukar layi 256, kowane layi gida 32, kowane gida ɗaki 8. Katin hoto sau da yawa ɗaki biyu gare shi: na 0 yana fid da hoto, na 1 yana fid da sauti.

Tarko na farko shi ne lissafi. Waɗannan lambobi da ƙidayar goma sha shida ake rubuta su. Saboda haka 0a goma ke nan, 10 kuwa goma sha shida. Wanda ya manta da wannan ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba.

Na biyu, adireshi biyu ne, kada a gwama su. Akwai inda na'urar take a jikin mai masauki, akwai kuma inda baƙuwa za ta gan ta. Manhajar libvirt tana rubuta kowanne a wurinsa. Na farkon karanto shi muke yi, da umurnin lspci a Linux. Na biyun mu ke zaɓa, ko manhaja ta zaɓar mana, kuma lalle a bar shi inda yake. In ya sauya, baƙuwa takan ɗauka sabuwar na'ura ce aka kawo mata. Sunan katin sadarwa irin enp0s3 daga adireshin aka ciro shi, watau in adireshi ya kau, suna ya kau, hanyar sadarwa ta yanke.

Na uku shi ya fi haɗari. Lambar layi ba a jikin ƙarfe aka sassaƙa ta ba. Duk sa'ad da aka kunna kwamfuta ake raba ta. In wani ya ƙara kati ko ya cire, lambobin suna iya gusawa. Sai adireshin da jiya yake nuna katin hoto, yau ya nuna na'urar da mai masauki take dogara da ita wajen sadarwa ko ajiya. In an saita baƙuwa ta tashi da kanta, sai ta nemi karɓe abin da ba nata ba. Ku ƙaddara a ce takardun albashin ma'aikata ne a ciki, ga wata ya zo ƙarshe.

Daɗin daɗawa, ba kowace na'ura ke tafiya ita kaɗai ba. Na'ura tana iya rubutu kai tsaye cikin ma'adanar kwamfuta, don haka aka kafa mata mai gadi, IOMMU, wanda Intel ke kira VT-d, AMD kuwa AMD-Vi. Tsarin VFIO, da ya shiga Linux a 2012, yana kasa na'urori rukuni-rukuni bisa yadda mai gadin zai iya raba tsakaninsu. Ba a raba rukuni guda tsakanin baƙi biyu, ba a kuma ba baƙuwa ɗaya daga ciki alhali mai masauki tana aiki da saura.

Mene ne abin yi? Kafin mu damƙa na'ura, mu duba lambar maƙerinta tare da adireshin: 8086 ta Intel ce, 10de ta NVIDIA. Wannan ba ta gusawa, sai dai tagwayen kati lambarsu ɗaya, don haka shaidu biyun ake haɗawa. Kafin a buɗe cikin kwamfuta, mu hana baƙi tashi da kansu. Bayan an rufe, mu sake karanta adireshi. Mu kuma rubuta kome a littafin ofis, domin wanda zai gaje mu in an yi mana canjin wurin aiki.

'Yan'uwa, kayan nan da kuɗin jama'a aka saye su, amana ce a hannunmu. Matambayi ba ya ɓata. Mu tambayi na'ura adireshinta kafin mu aika ta gidan baƙo.

Allah ya ba mu sa'a. Wassalam.