Abinci da Lafiyar Ƙoda: Jawabi ga Hakimai da Malamansu a Birnin Katsina



Abin da ya tara mu yau shi ne ciwon ƙoda, wanda yakan ci mutum a ɓoye shekara da shekaru, ba a farga ba sai ƙafafu da fuska sun kumbura. Aikin ƙoda tace jini, ta fid da dattinsa cikin fitsari. Manyan masu ɓata ta biyu ne, watau hawan jini da ciwon sukari, su kuwa sau da yawa ta akushi suke shigowa.

Na farko gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali guda ke nan. Cikin lissafin nan har da na dunƙulen miya, da yajin tsire, da kilishi. Daddawa da albasa da citta sun isa su ba miya ɗanɗano.

Na biyu sukari. A rage shi cikin shayi da fura da koko, lemon kwalba kuma kada ya zama abin sha kullum. A riƙe tuwon dawa da gero, da wake, da zogale, da rama. Amma wanda ciwon ya riga ya kama, lalle likita ne zai tsara masa abincinsa.

Na uku ruwa. Cikin zafin bazara, manomi da ɗan dako su sha ruwa mai tsabta tun ƙishirwa ba ta galabaitar da su ba. Sa'an nan a guji yawan haɗiyar maganin ciwon jiki, da jiƙe-jiƙen da ba a san ma'auninsu ba.

In ƙoda ta mutu, sai wankin jini da na'ura sau 2 ko 3 kowane mako, ko kuwa dashe, irin wanda aka fara a Asibitin Malam Aminu Kano cikin 2002. Kuɗinsa yakan cinye gona da shanu. Rigakafi ya fi magani.

Don haka muna roƙo ku tara dagatai da masu unguwa da limamai ku karanta musu takardar nan, a kuma yi shela ran kasuwa. Saƙon ya kai cikin gida, domin ludayi a hannun mata yake. Wanda ya haura shekara 40 ya riƙa zuwa asibiti ana auna jininsa da fitsarinsa kowace shekara.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ba mu lafiya. Amin.