Jawabin Taron Wata: Malam-buɗe-littafin Tsibirin Jamaika

 

Yau ba maganar farashin goro ko kuɗin rumfa na zo da ita ba. Labarin wani malam-buɗe-littafi ne da babu shi ko'ina a duniya sai a tsibirin Jamaika, can yankin Karebiyan. Masana suna kiransa Homerus, an kuma sa masa sunan tun 1793. Idan ya buɗe fukafukansa yakan kai inci 6, duk nahiyoyin Amurka babu na biyunsa wajen girma a danginsa. Baƙi ne mai ratsin rawaya da ɗigon shuɗi, ga wutsiya biyu a fukafukan baya kamar na tsattsewa.

To jama'a, ga inda maganar take. Macen takan saka ƙwai a ganyen wata bishiya mai suna Hernandia, wadda ke son rafi da inuwa. Ganyen nan ne abincin tsutsarsa. Tana ƙarama kamarta ɗaya da kashin tsuntsu, don haka tsuntsaye ba sa kula ta. In ta girma sai ta koma koriya.

A da yana yankuna da dama na tsibirin. Yanzu wuri biyu kaɗai ya rage: duwatsun Blue da John Crow a gabas, da dajin Cockpit a yamma. An sare daji don noma da katako. Inda daji ya yi fili kuma, wasu ƙananan ƙwari dangin rina sukan yi ƙwai cikin ƙwansa su kashe shi.

Mu 'yan kasuwa mun san kaya in ya yi ƙaranci kuɗinsa tashi yake. Haka masu tara irin waɗannan ƙwari suka yi ta sayensa da tsada, har a 1987 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe.

Amma shekaruna talatin a kasuwa, duk kayan da ya ƙare mini nakan aika a saro wani. Wannan fa in ya ƙare a Jamaika, ina za a aika? Hana ciniki kaɗai ba zai cece shi ba, sai an bar masa bishiyarsa a tsaye.

Allah Ya sa mu dace.