Wa Ya Aiki Yaron da Sharar?

 Wadda take tsakar gida tana tankaɗe, da wadda ta samu ta ɗan kishingiɗa bayan yara sun tafi makaranta, duk ina gaishe ku. Yau maganar shara za mu yi. Kada wata ta murɗa rediyo ta ce ai ita kullum sau biyu take share gidanta. Na sani. Ba wadda ke cikin gida nake nufi ba, wadda ta ƙetare zaure ta fita nake nufi.

Abin da ya jawo maganar shi ne, akwai 'yar ƙanena da ke zaune a wurina, tana aji huɗu a firamare. Ran nan ta dawo ta ce malamarsu ta ba su aikin gida: kowa ya tara duk ledar da ta shigo gidansu har mako guda, ya kai makaranta ranar Litinin. Na yi dariya, na ce mu dai aikin gida mun san shi da lissafi ko rubutu, yau kuma tsintar leda aka koma? Yarinya ba ta kula ni ba. Ledar koko, ledar ƙosai, ta kayan miya, ta manja, ta garin sabulu, ga ta fiya wata, duk ta bi tana ɗaurayewa tana shanyawa a igiya. Kafin Juma'a tsohon buhun shinkafa ya kusa rabi. Sai ta dube ni ta ce, "Goggo, da can ina muke kai su?"

Wallahi na rasa amsa. Abin da na sani kawai, in na gama shara nakan kira yaro in ce je ka zubar. Ban taɓa tambayar inda yake zubarwa ba. Da na bincika, ashe bola ta yi masa nisa, ga abokansa na jiran sa wurin ƙwallo, sai ya juye a kwatar da ke kan kwana ya dawo mini da bokiti.

To 'yan'uwa, mu da ba ma fita, yaran nan su ne ƙafafunmu. Su ke sayo mana cefane, su ke kai mana niƙa, su ke fitar da shara. Ledar da ta toshe kwatar unguwa, daga hannun yaro ta faɗa, amma daga ɗakin wata uwa aka aiko shi. Idan malama ta ce masa kada ya zuba shara a magudanar ruwa, ya dawo gida uwa ta ce yi maza ko'ina ne ka watsar, maganar wa kuke jin zai bi?

Kuma abin kanmu yake dawowa. Leda ba ganye ba ce, ba ta ruɓewa ta zama ƙasa a damina ɗaya ko biyu. In ta toshe kwata ruwa ya kwanta, sauro ya samu wurin ƙwai, cikin kwana bakwai zuwa goma sun ƙyanƙyashe sun tashi. In aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta, ruwan da ya rasa hanya gindin katanga yake bi, katangar ƙasa kuwa kun san ba ta jure jiƙa. Mai kiwo ma ba ta tsira ba. Ku sa maigida ya tambayi mahauta abin da suke tararwa a tumbin akuya ko saniya: dunƙulen leda. Dabba tana ci kamar tana ci, tana ta ramewa, ke kina cewa sammu ne, alhali ledar da ta lasa saboda ɗan gishiri ko mai ce ta cushe mata ciki.

Abin da ake koya wa yaran a makaranta bai wuce uku ba: a rage abin da ake yarwa, a sake amfani da wanda zai amfanu, sauran kuma a ba masu narkawa su ƙera wani abu da shi. Da yarinyar ta karanto mini daga littafinta sai na ce, ikon Allah, ai wannan tarbiyyar kakata ce aka sa wa kayan makaranta. A gidanmu ƙwarya in ta fashe gyartai ake kira ya ɗinke ta. Ƙanzo ba a zubarwa, a jiƙa a ci ko a ba kaji. Tsohon zane ya koma goyo, daga goyo ya koma tsumma, daga tsumma a cusa shi a matashi. Tsohuwar taya takalmi ce, robar cikinta kuma guga. Gwangwanin madara maƙera su mai da shi fitilar aci-bal-bal. A Kano kuwa, shekara da shekaru jakuna na fita da mangala cike da toka da kashin dabbobi da sharar gari zuwa gonakin karkara, su dawo da itace. Sharar birni ita ke ciyar da gonar da ke ciyar da birni. Yanzu manomi in ya sayi takin bola, sai ya zauna tsince leda da fasassun kwalabe tukuna.

Saboda haka kada wata ta ce ita ba ta yi boko ba, ba ta da abin da za ta ƙara wa yaro a wannan darasi. Ke ce ma kika fi malamar kayan aiki, don ita allo gare ta, ke kuwa sharar na hannunki.

Bari in ba ku labarin wata mata a ƙasar Gambiya, sunanta Isatu Sise, daga wani ƙauye da ake kira Njau. Ta ga awakin garinsu na mutuwa saboda cin leda. A shekarar 1997 ita da wasu mata huɗu suka fara tara ledojin, su wanke, su shanya, su yanka siri-siri kamar zare, su saƙa 'yan jakunkunan kuɗi da ƙwarashi. Da farko a ɓoye suke yi saboda dariyar mutane. Daga baya abin ya zama sana'a, mata da yawa suka shiga. A 2015 Gambiya ta hana ledar cefane gaba ɗaya, kamar yadda Ruwanda ta yi a 2008, Kenya kuma a 2017. Maƙwabciyarmu Nijar ma ta kafa irin wannan doka a 2014, sai dai doka a takarda daban, abin da ke hannun mai cefane daban. Abin da ya burge ni da matan Njau shi ne aikin na zaune ne. Duk wadda ta iya saƙar hula ko ta lailayi mazari za ta iya, ba sai ta taka ƙofar gida ba.

Ga abin da muka koma yi a gidana. Bokiti biyu na ajiye a bayan madafa. Ɗaya na abin da ke ruɓewa: ɓawon doya, ganyen albasa, toka, kashin awaki. Wannan na masu gona ne, ko a zuba gindin zogale. Ɗayan na leda da roba da gwangwani. Robar lemo a wanke da sabulu, masu zoɓo da kunun aya na so. Gwangwani da tsohon ƙarfe da fasasshen bokiti a ajiye wa 'yan gwangwan, kuɗin kuma na yarinyar ne, tana sakawa a asusu don fensir da littafi. In za a sayo koko ko manja, kwano mai murfi nake ba yaro.

Amma akwai inda zan ja kunne. Don an ce shara kuɗi ce, kada a tura yaro bola tsince-tsince, balle a hana shi makaranta saboda haka. Akwai allurar asibiti a can, akwai reza da kwalba. Abin da ya fito daga gidanki shi kaɗai za ki tara. Robar maganin ƙwari ko ta maganin feshin gona kuma, ko an wanke ta sau goma, ba a zuba ruwan sha ko mai a ciki. Sannan ga wadda na san za ta taɓa da yawanmu, har da ni: hura wuta da leda. Itace ya jiƙe, kananzir ya yi tsada, sai a kunna leda a ɗiga a kan gawayi. Hayaƙin nan guba ne, ke da kike durƙushe gaban murhu da jaririn da ke bayanki ku ke fara shaƙa. Ki tanadi busasshen kara ko ɓawon gyaɗa tun da rana, ki sa inda ruwa ba ya taɓawa.

Ranar Litinin ɗin yarinyar ta kai buhunta makaranta. Yaron da ke fitar mana da shara kuwa, yanzu in ya dawo nakan tambaye shi inda ya zuba, wani lokaci in haɗa shi da yayansa su tafi tare. Wadda take da wata dabarar sarrafa leda ko tsumma da ta gada ko ta ƙirƙiro, ta sa yaro ya rubuto mana, za mu karanta a shiri na gaba.